Ƙafar Ɗan Azumi da Ta Rage a Yamai

Sandunanka na fara gani. Ina tsakar gida ina tace kunun buɗa baki, la'asar ta yi sanyi, sai na ji sallamar abokinka Zakari a bakin zaure. Na leƙo da rariya a hannu. Yana tsaye ya rungume sandunan nan biyu a ƙirji, fatar da ka naɗa musu a wurin hamata ta yi baƙi da gumi. Na duba bayansa, ban ga kowa ba. Na ce, "Zakari, ina ka baro shi ba sanda? Da me zai taso?" Ya jingina su da bango a hankali, ɗaya ta zame, ya sake tsayar da ita. A nan na gane. Tun da aka yanke maka ƙafa ba ka taɓa rabuwa da su ba, ko barci za ka yi suna gefenka.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ƙanena Ɗan Azumi, ɗan ƙwallon Damagaram, ya rasu ranar Litinin, sha takwas ga watan azumi, wato shida ga Maris na 1961, a bakin filin da ya yi suna a cikinsa. An yi masa sutura kafin magariba. Ya bar matarsa Indo da 'yarsa Zara, ya bar ni.

Ni ce Rakiya, yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba, 'yan shekaru ne a lakwal kafin a cire ni in kula da gida. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi mini uzuri. Na rubuta ne don waɗanda suka tafa masa su san yadda ya ƙare, kuma don akwai abin da ya ɗora mini wanda ban sauke ba. Ƙafarsa ta dama tana binne a Yamai, a wurin da ba mu sani ba, ya kuma roƙe ni in nemo ta. Wataƙila cikin masu karanta wannan akwai wanda ya san wani abu.

Ɗan Azumi, da aka fito da kai a makara na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallo. Likkafanin ya cika a hagu, a dama kuwa daga cinya ya kwanta shafal. Abin da ke zuwar mini ke nan duk lokacin da na rufe ido.

Inna ta rasu kana rarrafe, a bayana ka girma. Ko a lokacin ba ka zama lafiya a goye, sai shure-shure, har zanena ya kan kwance a hanyar rijiya. Baba baduku ne a Birni, shi ya ɗinka maka ƙwallo ta farko da guntayen fata, ya cusa mata audugar rimi. Ya yi ne don ka bar shi ya yi aiki. Ka ɗauke ta ka shiga lungunan duwatsu da ita, ba a sake ganinka ba sai yunwa ta koro ka. Da ka yi wayo ka koma bakin bariki, inda sojoji ke buga tasu da yamma. In ta faɗa cikin ƙaya kai ke ɗaukowa, kuma ba ka taɓa mayar musu da ita da hannu ba. Wani sarjan ya lura da haka, ran nan suka rasa mutum ɗaya, ya ce ka shiga. Daga ranar ba ka sake tsayawa a waje ba.

Wani kamfanin gyaɗa ya ɗauke ka, a takarda an ce kai mai awo ne. Duk Damagaram ta san ba ka taɓa taɓa sikeli ba, albashinka na ƙafa ne. Baba ya daɗe bai yarda ba. Cewa yake, "Ƙato da kai a biya ka don ka bi fata da gudu? Ni da na ɗinka ta ma ba a biya ni haka ba." Amma in ana wasa ya kan rufe rumfa da wuri, ya ce zai je gaida wani.

Gefen dama kake tsayawa, dab da layin tokar da ake zubawa a bakin fili. Masu lakwal suna da sunan da suke kiran wurin da Faransanci, mu dai ɗan gefe muke cewa. Mu mata ba mu shiga, kan dutse muke hawa mu hango. Daga can ba a gane fuska, amma kai ina gane ka, domin kai kaɗai kake gudu a kan layin har toka na tashi a bayanka. Ƙafafunka farare kake dawowa gida. Ba kai ke yawan ci ba. Kai ke kai ta can ƙurya, ka ɗago ta tsakiya, wani ya sa kai, a ɗauke shi a kafaɗa. Na taɓa ce maka, "Kai ka sha wahala, wani ya sha kirari." Ka yi dariya ka ce, "Yaya, shi wanda aka ɗauka ya san wanda ya kawo."

Jikinka kuwa ni na san abin da ya biya. A Maraɗi ka baro haƙora biyu na gaba. Kafaɗarka ta hagu ta goce har sau nawa, ka koyi mayar da ita da kanka a jikin ginshiƙin zaure, ni ina toshe kunne. Da wata ƙungiya ta Abijan ta kira ka, ka yi shekaru biyu a can, ka dawo da keken ɗinkin da nake ci da shi har yau, da gwiwa mai kumburi kamar ƙwarya. Keken nan a kanka ka ɗauko shi daga tasha, ka hana 'yan dako, ka ce kai za ka ajiye mini shi a ɗaki. Ban san gwiwar ta kai haka ba sai da ka zauna ka kasa tashi. Wata guda ina gasa maka ita da ruwan zafi da man kaɗanya.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne ranar da kuka yi karo da kai da wani ɗan Agadas. Ka tashi ka ƙarasa wasan, ka dawo gida da ƙafarka, ka ci tuwo. Sai ka dube ni ka ce, "Inna, yaushe kika dawo?" Innar da ba ka ma san fuskarta ba. Wuni guda kana kira na da sunanta, ina amsawa. Washegari ka tashi ba ka tuna komai ba, ni ma ban gaya maka ba.

Da kaka ta 1958 ƙwaurinka na dama ya karye a wasa da 'yan bariki. A lokacin an riga an zaɓe ka cikin waɗanda za su je Yamai su buga a bikin kafa Jamhuriya a watan Disamba. Lokotoro, likitan asibiti, ya ce zai ɗaure ƙafar wata uku. Ka ƙirga, ka ga bikin zai wuce, ka ce a kai ka Gidimuni wurin Baba Mala mai ɗori. Ni na raka ka, na zauna jinya.

Baba Mala tsoho ne mai hannu, ba wanda ya taɓa ganin ɗorinsa ya karkace. Gidansu suna da yadda suka gada. In aka kawo mai karaya, sai a kamo kaza a karya mata ƙafa irin wadda ta karye wa mutumin, a ɗora su tare da karare da tsumma, a shafa musu magani ɗaya. Ranar da kaza ta taka ƙasa da ƙafar, ranar ake kwance wa mutum ɗori. Taka kazar wake-wake ce, an ɗaure ta a turke kusa da tabarmarka.

Abokan wasanka suna biyo motar gyaɗa su zo dubiya, su kawo wa kazar gara a cikin gwangwani da tsakin gero. Zakari, mai tsaron ragarku, in ya shigo ba ya ko kallonka. Sai ya durƙusa gaban kazar.

"Ranki ya daɗe, an kwana lafiya? Yaya ƙafar? A daure a tashi, Damagaram duka ke take jira."

Ka ce, "Kai, mai rariyar hannu, ga ni nan kwance ba ka gaishe ni ba."

Ya ce, "Wa ya damu da kai? Ita ce lokotoro, kai ɗan rakiya ne."

Mun yi dariya a gidan nan. Wata bai cika ba, wata safiya fara ta faɗo tsakar gida, kazar ta zabura ta bi ta da ƙafa biyu har igiya ta tsayar da ita. Baba Mala ya zo ya duba, ya kwance maka kararen, ya ce, "Ta taka, kai ma taka. Haka na gada, ban taɓa ganin ya saɓa ba." Ka tashi ka taka. Zakari ya ɗaga kazar sama yana rawa, ni kuma na rangaɗa guɗa.

Tsohon nan bai taɓa ganin wasan ƙwallo ba. Waɗanda yake yi wa ɗori manoma ne, wanda ya faɗo daga dabino, wanda jaki ya harba. In an kwance musu, da sanda suke lallaɓawa har damina ta zagayo, ƙashi ya gama kamawa ba wanda ya matsa masa. A kansu lissafin kaza daidai yake. Ba wanda ya taɓa kawo masa mutumin da zai tashi daga tabarma ya tafi ya yi gudun barewa a kan busasshiyar ƙasa, mu kuma ba wanda ya yi tunanin gaya masa.

Abin da ya faru a Yamai daga bakin Zakari na ji shi. Ya ce kafin hutu ka yi gudu irin na da, ka kawo wata aka ci. Bayan hutu ka ɗauko ta a kan layi, za ka juya. Ba wanda ya taɓa ka, ba kowa kusa da kai. Ya ce daga raga ya jiyo ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ƙashin ya huda fata ya fito. Aka kai ka asibiti, suka yi iya ƙoƙarinsu, amma baƙi ya riƙa hawa, har suka ce in ba a yanke ba rai zai tafi. Daga saman gwiwa suka yanke.

A asibitin akwai wani mutumin ƙasarmu mai suna Ari, yana aikin ɗaukar marasa lafiya da wanke ƙasa. Ya ji irin Hausarka ya gane na gida ne. Kana cikin zazzaɓi ya zo ya sunkuya a kanka ya ce, "Ɗan garinmu, kwantar da hankalinka, ba a jefar da ita ba. Na wanke ta, na naɗe ta a farin ƙyalle, na binne ta da hannuna." Ya faɗa maka wurin. Zazzaɓi ya cinye maganar. Abin da ya rage maka shi ne akwai itace, kuma ana jin masu wanki a bakin kogi. Da ka farfaɗo ka neme shi, aka ce ya bar aiki.

Da ka dawo, Baba Mala ya zo tun daga Gidimuni da kazar a hamata, domin a al'adarsu ta mai karaya ce, ba a yanka ta. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana kuka, tsoho mai furfura. Ka ja jiki ka fito, ka kama hannunsa ka ce, "Baba, kazarka ba ta yi ƙarya ba. Ita dai ba ta buga ƙwallo." Ka sa Indo ta dama masa fura. Ban taɓa jin ka ɗora wa kowa laifi ba, ko a bayan ido. Kazar tana nan gidanka tana kiwo, ba ta ko ɗingishi. Indo ba ta iya kallonta, ni ke zuba mata tsaki.

Ba ka zauna ba. Ka buɗe rumfar Baba da ke rufe tun rasuwarsa, ka koma ɗinkin fata, kana gyaran ƙwallaye da takalman wasa. Na 'yan unguwa ba ka karɓar komai. Ka samu aboki, Yusufu tsohon soja, wanda ya baro ƙafar hagu a yaƙin Nasara. Takalmi ɗaya kuke saye ku raba, kai hagu, shi dama. Ku tsaya gaban mai takalmi kuna gardamar launi kamar mata a kasuwar zane, shi yana son ja, kai kana cewa ba za ka yi yawo da ƙafar karuwa ba. Ranar wasa kuma kai ke zuba layin toka, gwangwani rataye a wuya, kana dogarawa kana zubawa. Wasu sun ce a ba mai ƙafa biyu. Da suka ga layinka ya fi na kowa miƙewa, suka yi shiru.

Mutanen gari wannan suka gani. Abin da ni da Indo muka gani daban ne. Ƙafar da aka yanke ba ta bar ka ba. Kana zaune ana hira sai ka kai hannu ka sosa tabarma, daidai inda tafin ƙafar zai kasance. Wani lokaci da rana tsaka, gari ya ɗauki zafi, ka ce ƙafar tana jin sanyi, ruwa ake yi a Yamai. Ka bi direbobi a tasha kana tambaya. Sau da yawa su ce ba a yi ba. Wani lokaci su ce an yi, ranar nan ba ka cin abinci.

Abin da ya fi damunka shi ne gwiwar. Ka ce a tanƙware take, yatsun a dunƙule, kamar ka zauna a kanta tun jiya ka rasa yadda za ka miƙe ta. Ka ce, "Yaya, ramin da ya haƙa bai isa ba, naɗe ta ya yi. Ba laifinsa ba ne, shi kaɗai ne, kuma sauri yake. Amma in ba a je an miƙe ta ba, ba zan huta ba." Na kai ka wurin malam. Ya ce Allah da Ya halicce ta Ya san inda take, ranar tashi zai haɗa kowa da gaɓoɓinsa ko suna cikin teku. Ka ce ka yarda, ba ranar tashi kake ji ba, yau kake ji. A hanyar dawowa ka tsaya ka huta a jikin wani dutse, ka ce, "In na riga ki, ki nemo ta. Ki miƙe ta, ki fuskantar da ita gabas, ki ɗora dutse." Na ce ka daina irin wannan magana. Ka ce, "Ki dai ce to." Na ce to.

Mun nema tun kana raye. Bara, lokacin bikin 'yancin kai, Zakari ya je Yamai da ƙungiya, ya zagaya bayan asibitin. Ya tarar an yi sababbin gine-gine, itatuwa kuma bakin kogi ba su ƙirguwa. Wani ya ce masa Ari ya koma Takieta. Na hau mota na je da kaina. Na samu Ari, amma wani ne daban, mai sayar da kanwa, bai taɓa zuwa Yamai ba. Matarsa ta ba ni ruwa, ta ce ta taɓa jin wani Ari mai aikin asibiti ya yi gabas, wajen Gure ko gaba. Da na dawo ka dube ni tun daga ƙofa, ba ka tambaya ba. Ka ce, "Sannu da hanya, Yaya. Kin sha rana."

Dungun bai taɓa warkewa sosai ba. Farkon azumin nan ya sake buɗewa, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya. Muka ce ka ajiye azumi, ka ƙi. Ranar Litinin ɗin ka ce da Indo za ka je ka zuba layi, akwai wasa bayan salla, kada a bar shi sai ranar. Zakari ya ba ni labari cewa ka gama gefen dama, ka zo ka zauna a inuwar wani itace, gumi na zuba. Ka ce masa, "Ta ƙulle. Ja mini ita." Ashe kun saba, ni ban sani ba. In ta matsa maka, sai ya durƙusa ya kama iska a daidai inda idon sawun zai kasance, ya ja a hankali, kai kuma ka ce ka ji sauƙi. Ya durƙusa ya kama, ya ja. Ya ce, "Ta miƙe?" Ka ce, "Saura kaɗan." Ya ƙara ja. Da ya ɗago kai zai sake tambaya, ka riga ka jingina da itacen, leɓunanka na motsi da kalmar shahada.

Tun ranar nake jin gudu a lungunmu. Ba da dare ba, da rana, lokacin da azumi ya kwantar da kowa. Ina kan keke sai in ji sawu ya taho daga wajen masallaci, ya bi jikin bango, ya zo daidai ƙofarmu ya tsaya. In tsayar da keken in saurara. Sawun ƙafa ɗaya ne, sai shiru inda ɗayar za ta sauka, sai kuma ɗaya. Na leƙa ya fi a ƙirga, ba kowa sai rana a kan duwatsu. Na gaya wa malam, ya ce baƙin ciki ne, in yawaita salati. Ina yi. Ban ce kai ne ba, na san wanda ya tafi ya tafi. Na dai faɗi abin da nake ji.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗan Azumi ya zo maKa da azumi a bakinsa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka haɗa shi da Inna da Baba a gidan Aljanna, Ka tashe shi da ƙafafunsa biyu.

Indo, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sa ki fita takaba lafiya. Kin yi jinyar da ba kowa zai iya ba, ni shaida ce. Zara, Allah Ya raya ki, in kin girma za a gaya miki wane ne ubanki. Ina yi wa Zakari ta'aziyya, da Yusufu, da Baba Mala in labari ya kai masa, da duk waɗanda suka buga tare da shi a Damagaram da Maraɗi da Yamai da Abijan. Wanda ya saɓa wa, ya yafe masa don Allah. Na gode wa duk wanda ya tako ya zo gaisuwa.

Ina roƙon duk wanda ya san wani Ari mutumin Damagaram, wanda ya yi aikin ɗaukar marasa lafiya a Yamai a ƙarshen 1958, ya gaya masa ba da faɗa muke nemansa ba. Alheri ya yi mana, wurin kawai muke so ya nuna. A tambayi gidan Rakiya mai keke a Birni. Bayan salla zan tafi Gure.

Mun binne ƙanena a Damagaram. Ƙafarsa ta dama tana Yamai, ba mu san wurin ba, kuma ba a miƙe ta ba.